Ina ne Lugu garin Sarauniya, kuma ya rayuwa take a can yanzu?

To ɗan'uwa, ka tambaya wai ina ne Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta yi yaƙi da Faransawa, birni ne ko ƙauye, a wace ƙaramar hukuma yake, kuma in mutum ya je me zai tarar. Na yi aikin ruwan karkara a wannan yankin shi ya sa na ce bari in amsa maka da ɗan tsawo, ka yi haƙuri da surutu.

Lugu ƙauye ne, ƙarami ma kuwa. Yana Nijar, cikin komin ɗin Ɗankasari, gundumar Dogon Dutsi, jihar Dosso. Komin shi ne kamar ƙaramar hukuma a wajenku, sai dai bai kai ta kuɗi ba ko kusa. In ka tafi da tunanin za ka ga ganuwa da soro da dogarai, wallahi sai ka wuce garin baka sani ba, ɗakunan laka ne da na ciyawa da rumbuna, sai duwatsu da suka kewaye shi. Ƙasar ita ake kira Arewa, ba arewa ta Najeriya ba, ƙasar Arawa, waɗanda Zabarmawa ke ce wa Mawri, kuma 'yan'uwansu ne ke Kangiwa da kewaye a jihar Kebbi. Hausa suke yi, irin mai kama da ta Sakkwato da Kabi, in kana jin Sakkwatanci ba za ka sha wahala ba.

Daga Sakkwato hanya mafi sauƙi ita ce ka bi Illela ka tsallaka Birnin Ƙonni, sai ka hau babbar kwalta mai lamba 1 wadda ta taho daga Yamai ta bi Dosso da Dogon Dutsi ta wuce Maraɗi da Damagaram, ka yi yamma. Garin Ɗankasari yana bakin wannan kwaltar kafin ka kai Dogon Dutsi. Shi kuwa Lugu yana ciki, arewa da titi, sai an sauka an bi turɓaya da tsakuwa, aikin babur ne ko mota mai ƙarfi, da damina kuma sai yadda ruwa ya ce.

Duk wanda yake so ya gane wannan yankin ya fara da ƙasa da ruwa kafin ya je ga sarakuna, don kusan komai daga nan ya taso. Akwai wani tsohon kwari da ake kira Dallol Mawri, wanda ya taho daga arewa ya miƙe kudu ya haɗu da Dallol Foga, wancan na gishirin Foga da kakanninmu suka sani, har ya kai kogin Kwara wajen Gaya. A zamanin da can kogi ne sosai, yanzu babu ruwa a sama sai tafkuna da damina, amma ruwan yana nan a ƙasa kusa. To Dogon Dutsi da Matankari suna cikin kwarin ne, rairayi mai laushi, gawo da goriba, rijiya ba ta da zurfi, ana lambu da rani. Da ka hau gefen kwarin sai ka samu kanka a kan tudu, jan dutse da marmara da fako, sabara da geza da kalgo, can kuma ruwa ya yi nisa ƙwarai. Yawancin ƙasar Ɗankasari irin wannan tudun ce da ƙananan kwaruruka da suka tsattsaga ta, gonaki suna cikin kwarurukan, dabbobi suna kan tudu.

Ka je bakin rijiyar tudu da hantsi a watan Afrilu ka gani. An kafa gwafa da kura a baki, an ɗaura wa jaki ko sa ko raƙumi igiya, yaro ya kora shi ya yi ta tafiya har sai ya zama ɗan ƙarami a idonka kafin wasaki ya iso baki, sai wanda ke bakin rijiyar ya ƙwala kira a dawo. Itacen da aka gitta a bakin duk igiya ta cinye shi layi layi. Mata da jarkoki masu ruwan ɗorawa sun yi layi, Fulani da shanu suna jiran nasu lokacin, kowa ya san wa ke gaba da wa kuma rigimar da ake yi kullum a kan wannan ne. Shi ya sa a can in ɗan siyasa ya ce zai kawo foraj, wato rijiyar burtsatse, da tanki mai aiki da hasken rana ya gama kamfen. Abin da na lura da shi kuwa, haƙa foraj shi ne mai sauƙi a cikin aikin, inda ake faɗuwa shi ne kuɗin gyara, ranar da famfo ya lalace aka buɗe asusun kwamitin ruwa aka tarar babu komai, sai a koma tsohuwar rijiya, kuma matan ne ke biya da wuyansu.

Damina ɗaya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba, kuma ba yawansa ne kawai abin dubawa ba, yadda ya rabu ne. In aka yi shuka ruwa ya ɗauke sati uku sai a sake shuka, wani lokacin har sau uku. Hatsi ne sarki, wato gero, ana haɗa shi da wake a gona ɗaya, dawa sai inda ƙasa ta yi nauyi, mata kuma suna da gamanarsu ta gyaɗa da gurjiya da yakuwa da riɗi. Arziƙin mutum da dami ake auna shi, ba a tambayarka hekta nawa, dami nawa ka ɗaure bana, zai kai ka wata nawa. Waken shi ne kuɗi, kuma kusan duk Najeriya yake gangarawa, harawarsa ma kuɗi ce da rani.

Akwai abu guda da ya burge ni a noman wajen, yadda suke dawo da fako. Ƙasar da ta mutu ta zama kamar siminti, sai a bi ta da diga da rani a haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa, a zuba taki hannu ɗaya a kowanne, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ciki maimakon ya gudu, a shuka hatsi a ramin. Ga kuma rabin wata, rami mai siffar jinjirin wata da ake jerawa a gangare don tare ruwa. Aiki ne mai karya baya, amma gonar da aka yafe tana dawowa.

To yanzu tarihi. Mutanen Arewa gida biyu ne a asali. Akwai Gubawa, su ne 'yan ƙasa, masu ƙasa da tsafinta, manyansu biyu Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, wani gari kusa da Matankari. Labarin da suke bayarwa shi ne Sarauniya ta farko daga Daura ta fito, tana biye da wani dutse da ake kira Tunguma, inda dutsen ya tsaya nan ta zauna. Sai kuma Arawa masu sarauta, su kuma suna jingina kansu da wani ɗan sarkin Barno da ake kira Ari, wanda ya samu ɗa da 'yar gidan Baura, ɗan shi ne Akazama, sarkin Arewa na farko. Ka ga ke nan masu sarautar 'ya'yan mace ne a gidan masu ƙasa, kuma tsarin ya tafi a haka, sarki yana da doki da yaƙi da haraji, amma ƙasa da ruwan sama da daji ba nasa ba ne, sai ya nemi yardar kawunnansa. Tsagar Arawa biyu biyu ce a kumatu daga gefen baki zuwa kunne, har yanzu za ka gan ta a fuskar dattawa, yara kam an daina.

Nan ne mutane suke kuskure game da Sarauniya. Sarauniya muƙami ne, an yi su da yawa kafin Mangu da bayanta, kuma aikinta ba mulki ba ne irin na sarakuna. Tana zaune a ɗakinta, farin zane, tana kaɗi da mazari, ba ta yawo, mutane ne ke zuwa wajenta neman albarka ko maganin wata damuwa, ko in damina ta yi gardama. Yadda ake zaɓenta ma daban ne, idan ta rasu ana ɗaukar gawar a kan makara, masu ɗaukar su ce gawar ce ke jan su har ta je ta tsaya gaban matar da za ta gaje ta, wannan shi ake kira tarkama. Matar da abin ya faɗa kanta ta bar gidan mijinta ke nan da rayuwarta ta da, ta shiga ɗakin. Shi kuma Tunguma alƙali ne a wajensu, in an yi sata ko rikicin gona da ya gagara sai a je a tambaye shi, masu kula da shi su ce motsinsa ne amsa. Ni dai ina ba ka labarin yadda abin yake a wajensu ne, batun hukuncinsa a addini ka san wannan.

A ƙarni na 19 Arewa ba ta zauna lafiya ƙarƙashin Sakkwato da Gwandu ba, lokacin da Yakubu Nabame na Kabi ya yi tawaye a 1849 Arawa da Zabarmawa da Dandawa suna gefensa. Saboda haka ko kafin Turawa su zo mutanen nan sun saba da kare kansu da kwari da baka a cikin duwatsu da sarƙaƙiya.

Sai 1899. Faransa ta turo rundunar kyaftin Vule da Shanwan su tashi daga bakin Kwara su kai tafkin Cadi, suka taho da sojojin Afirka da 'yan dako da mata da dabbobi, taron da babu ƙauyen da zai iya ciyar da shi ko shayar da shi, ka tuna maganar rijiyar da na yi maka, kuma a tsakiyar bazara. Duk inda suka bi ƙona gari ne da kisa da kwashe rumbuna. Ranar 16 ga Afrilu suka faɗa wa Lugu. Mutanen Sarauniya suka tsaya da kibau, suka ja da baya cikin kurmin da harsashi ba ya ganin mutum, a lissafin Faransawan da kansu an kashe musu mutum 4 an raunata 6, kuma sun ƙona harsashi wajen 7,000, wannan faɗan shi ne mafi tsada da suka gamu da shi zuwa lokacin. An ƙona garin, mutane sun watse, amma ba su kama Sarauniya ba. Daga nan rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba a farkon watan Mayu, a watan Yuli kuma can wajen Tasawa Vule ya sa aka harbe kanar Klob da Faransa ta aiko ya karɓe rundunar, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Shanwan da Vule ɗin kansu. Mutanen Lugu za su ce maka aikin Sarauniya ne. Surar jaruma a kan doki da takobi da yawancinmu muke da ita a kai, wannan daga littafi da fim ɗin da aka yi a shekarun 1980 ta fito, a Lugu abin da ake tuna ta da shi shi ne asirinta da ƙin miƙa wuya.

Abin da ya mayar da Lugu baya kuwa ba yaƙin nan kaɗai ba ne, taswira ce da hanya. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mil 100 kewaye da Sakkwato ta ce duk na Ingila ne, wanda da an bar shi haka da yau wannan yankin yana Najeriya. Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, suka yi ta ciniki har aka gyara iyakar a 1904 da 1906, Arewa ta rabu biyu, babban kashi ya koma hannunsu. Suka kafa barikinsu a Dogon Dutsi, sarautar Sarkin Arewa da ke Matankari ita ma ta koma can, kuma Bature da sarki yake magana don shi ke tara masa haraji da 'yan aikin tilas, ba ruwansa da wata tsohuwa a ɗaki. Daga baya kwalta ta bi ta kudu, kasuwa da tasha da makaranta da likita suka bi kwalta. Shi ya sa da aka zo raba kominoni hedikwata ta tafi Ɗankasari na bakin titi, garin da ya fi kowanne suna ya zama ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke jiran a kawo musu.

Shi komin ɗin kansa sabon abu ne. Dokar 2002 ce ta raba Nijar zuwa komin 265, 213 daga ciki na karkara, aka yi zaɓen farko a Yulin 2004. A wancan tsarin jama'a su zaɓi kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari a cikinsu, sarakunan gargajiya suna zama a majalisar su ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 70,000 a komin ɗin Ɗankasari, yanzu sun fi haka nesa ba kusa ba da irin haihuwar da ake yi. Aikin ofishin magajin gari shi ne takardar haihuwa da ta aure, kasuwanni, rijiyoyi, azuzuwan firamare, da sasanta rikicin gona ta hanyar kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo. Kuɗin shigarsa kuwa abin tausayi ne, lanho ne, wato haraji, wanda lokacin da na san shi sefa 700 ne a kan kowane baligi a shekara, masu gari ke tarawa su ɗauki kasonsu, sai tikitin kasuwa da na kara inda ake sayar da dabbobi. In damina ta ƙi babu mai biya kuma babu mai fuskar da zai matsa. To da wannan za a gina me? Shi ya sa yawancin abin da za ka gani an gina, allo ne a gabansa da sunan wata ƙungiya ko wani shiri, Ɗankasari ma ta yi shekaru tana ƙawance da wani gari na Faransa da ake kira Seson-Sebinye, kusa da Ren. A ganina an ba kominoni aiki ne ba a ba su kuɗin aikin ba, kuma wanda ke riƙe da komin, magajin gari ko kantoma, shi ke shan zagin.

Makaranta ma haka, azuzuwa da dama rumfar kara ce, kuma kara ba ya samuwa sai an gama girbi, saboda haka a takarda an koma lakwal, wato makarantar boko, a Oktoba amma a ƙauye sai an yanke hatsi an kafa rumfa, ruwan farko ya zo kuma a tashi.

Da an ɗaure dami an zuba a rumbu sai samari su watse cin rani, Sakkwato, Kano, Legas, Kwatano, Abijan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya. Daga Disamba zuwa Mayu in ka shiga ƙauye mata ne da tsofaffi da yara, su ke riƙe da gari, su ke kiwon awaki da tumakin da ake sayarwa in hatsi ya ƙare, su ke adashi. Kuɗin da ake turowa ta waya shi ke kai gida ƙarshen bazara. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa tukunya kai tsaye. Yunwar 1984 a ƙasar Hausa ta Nijar har laƙabi aka yi mata da sunan Buhari, don fari ya haɗu da rufe iyakar da ya yi a shekarar. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sai kuma takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin Yulin 2023 wanda ya kai farkon 2024, ga cire tallafin mai a Najeriya a 2023 da ya kashe sana'ar 'yan bumburutu da rabin samarin bakin iyaka suka dogara da ita. Faɗuwar naira ma nan take ake jinta, ɗan cin rani ya yi wata biyar yana tura baro ya zo canji kuɗin ya zama ba komai.

Rikicin manoma da makiyaya yana nan, yawanci a kan burtalin da gona ta cinye ko shanun da suka sauko daga arewa kafin a kwashe wake, shi ya sa hukuma ke sa ranar sakin gonaki duk shekara. Ta fuskar addini kusan kowa musulmi ne yanzu, masallatai ko'ina, Izala ta yi ƙarfi tun wajen ƙarshen shekarun 1980, bori da al'adun azna sun ja baya sosai, a Lugu da Bagaji ne suka fi saura. Wani abin mamaki shi ne a Yamai sunan Sarauniya sai ƙara tashi yake, ga gidan rediyo da sunanta ga lambar girma da gwamnatin yanzu ke bayarwa da sunanta, amma hanyar da za ta kai ka garinta har yau ta turɓaya ce.

In kana da niyyar zuwa, ka bari sai bayan girbi, Nuwamba zuwa Janairu, hanya ta bushe, akwai abinci, lokacin kokawa ne ma kuma Arawa ba a gaya musu kokawa. Amma ka fara tambayar yanayin tsaro daga Dogon Dutsi kafin ka motsa, don dajin bakin iyakar nan tsakanin su da Gudu da Tangaza da arewacin Kebbi 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suna yawo a ciki a 'yan shekarun nan, kuma dokar hawa babur tana canzawa. Ka riƙe takardunka, ka canza kuɗi zuwa sefa tun a Ƙonni, ka bi ta ofishin komin su haɗa ka da wanda ya san hanya, in ka isa ka fara sauka wajen mai gari da ɗan goronka, shi zai yi maka iso. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa ko wani wuri sai ka tambaya, musamman ɗakin Sarauniya da wajen dutsen, kuma ka tafi da ruwan shanka.